Ina Hayaƙin Rani Yake Zuwa?

A cikin watan Janairu na yi sammako a kan babur zan tafi wani ƙauye da ke gindin dutse, domin in duba ramukan takin da muka haƙa tare da ƙungiyar manoma ta wurin. Da na gangaro kwarin da ke gab da garin, sai na shiga wani abu fari-fari kamar an shimfiɗa zane a bisa fadama. Da fari na zaci hazo ne, amma kafin in yi nisa idanuna suka soma zafi, maƙogwaro ya kama ƙaiƙayi, tilas na tsaya na ɗaure hanci da hankici. Ashe hayaƙi ne. Da daddare 'yan farauta sun sa wa dajin yamma wuta, ta ci iya cinta har ta mutu, amma hayaƙin bai tafi ko'ina ba. Ya kwanta cikin kwari, daidai inda mata suke ɗibar ruwa, inda kuma 'yan makaranta suke ratsawa.

Da na isa, na tarar da wani dattijo yana shan hantsi a ƙofar gidansa. Bayan mun gaisa na ce masa, "Baba, wannan hayaƙi ai zai yi wa yara lahani." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, tun kakanninmu ake ƙone daji. Hayaƙi sama yake tafiya, sama kuwa ba ta cika."

Ban sami amsar da zan ba shi nan take ba, gama ba a gardama da babba a ƙofar gidansa. Amma maganar ta bi ni har gida. Mu malaman gona kullum bakinmu yana kan ƙasa da ruwa da iri, ba safai mukan tuna da iska ba, alhali kuwa mutum yakan yi kwanaki bai ci ba, ya yi yini bai sha ba, amma ba ya minti biyar bai numfasa ba. Babban mutum yakan ja numfashi kimanin sau 20,000 a yini da kwana, iskar da ke shiga ƙirjinsa kuwa ta kai lita 10,000, watau cikin duro hamsin. Da a ce ruwa ne muke sha duro hamsin kowace rana, da ba mu bar kowa ya zuba shara a rijiyar ba.

Bargon da ya lulluɓe duniya

In mutum ya ɗaga kai yakan ga kamar sama ba ta da iyaka, amma iskar da muke rayuwa a cikinta ba ta da kauri sosai. Kashi uku cikin huɗu na nauyinta duk yana cikin kilomita 11 na farko daga ƙasa, watau kimanin mil bakwai. Akwai matan da sukan yi tafiyar da ta fi wannan da tallan nono a ka kafin su kai kasuwa. Wannan ɗan bargo shi ne ke riƙe da gizagizai da ruwan sama da ɗumin da ke hana duniya daskarewa. Cikin kashi ɗari, 78 iskar naitirojin ce, 21 kuwa oksijin, wadda jiki yake bukata, wuta ma sai da ita take ci. Ɗan abin da ya saura shi ne sauran iskoki, kuma a cikin wannan ɗan saura ne rigimar take.

Duk abin da aka ƙone, ba ɓacewa ya yi ba, kama ce kawai ya sāke. Damin kara da ka cinna wa wuta ya bar maka toka cikin tafin hannu biyu, sauran nauyinsa kuwa ya hau sama. Wani zai faɗo a gonar maƙwabci kafin magariba, wani ruwan farko zai wanko shi, wani kuma zai zauna can shekaru fiye da ɗari.

Ba dukan abin da ke ɓata iska ne aikin hannun mutum ba. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, har jiragen sama su kāsa sauka a Kano, yawancinsa daga Sahara yake zuwa, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi. A zamanin da, Tafkin Chadi ya fi na yanzu girma nesa ba kusa ba, har ruwansa ya cika wannan kwari. Da ya ƙafe sai ya bar farar laka mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta ɗebi wannan gari, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ga shi a kan tabarmarmu. Ƙurar Sahara takan haye tekun Atlantika ma har ta sauka a kurmin Amazon na ƙasar Barazil. Ba ta rasa amfani ba, gama tana ɗauke da ɗan abincin shuka da take yayyafa wa gonakinmu kyauta kowace shekara. Amma tana busar da hanci da maƙogwaro har fatar ciki ta tsattsage, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan yana cikin dalilan da suka sa sanƙarau yakan tashi da rani, ya lafa da saukar ruwa. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Hazo ba mai iya hana shi zuwa. Abin da ke hannunmu shi ne a kai yara allurar rigakafi, a rage cunkoso a ɗakin kwana, kada kuma mu ƙara masa namu hayaƙin a kai.

Wutar daji

To, a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Taurarin ɗan'adam da ke ɗaukar hoton duniya daga sama sun nuna cewa cikin dukan filin da wuta take ci a duniya kowace shekara, wajen kashi biyu cikin uku a nahiyar Afirka yake. Ba masana'antu ne ke yin wannan ba, mu ne, da ashana.

Kowa da dalilinsa, kuma ba na so in nuna kamar dalilan nan shirme ne. Maharbi yana so ya kori gafiya da zomo da ɓurgu su fito fili. Makiyayi yana so tsohuwar ciyawa ta ƙone domin sabon toho ya fito wa shanu, kaska kuma ta ragu. Manomi yana so ya huta da wahalar sharar gona, ya kori macizai daga bakin gida. Mai neman zuma yana da nasa. Akwai kuma wanda ya jefar da guntun taba kawai ya wuce.

Amma mu lissafa abin da ke tafiya cikin hayaƙin. Karan dawa da na masara da ciyawa, duk lokacin da suke girma suna tsotsar abinci daga ƙasa suna ajiyewa a jikinsu. In suka ruɓe a gona, ko dabba ta ci ta kāshe, abincin ya koma inda ya fito. In aka ƙone su kuwa, kusan dukan naitirojin da ke ciki yakan bi hayaƙi, haka ma yawancin farar wuta. Naitirojin ɗin nan shi ne abin da muke biyan kuɗi mu saya cikin buhun yuriya da na kamfa. Watau manomin da ya ƙone karansa a Fabrairu ya aika da takinsa sama, sa'an nan a Yuni ya ci bashi ya sayo wani. Gaskiya ne toka tana da fotash, shi ya sa inda aka tara aka ƙone shuka takan yi kore shar a shekarar farko, wannan ne kuma ke ruɗin mutane. Amma toka ba ta da nauyi. Kafin ruwa ya sauka iskar bazara ta kwashe rabinta, ruwan farko kuma ya share saura zuwa rafi, domin ba abin da zai tare shi. Ƙasar da aka bari tsirara rana takan gasa ta, samanta ya yi tauri, tana da sauran ƙananan halittu masu ruɓar da ganye su gudu ƙasa ko su mutu. Ƙasar nan tsirara ita ce kuma ke zama ƙura in guguwa ta taso. Ka ga ke nan an ɓata iska sau biyu da ashana ɗaya.

Lokacin da aka sa wutar ma yana da muhimmanci ƙwarai. A shekarar 1929 ma'aikatan gandun daji suka fara wani gwaji a Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta. Suka keɓe fili uku masu kama da juna. Na ɗaya aka riƙa ƙone shi da wuri, a farkon rani, sa'ad da ciyawa take da sauran ɗanye. Na biyu aka riƙa bari sai ƙarshen rani, ciyawa ta bushe ƙayau, sa'an nan a cinna. Na uku kuwa aka hana wuta taɓa shi sam. Da aka auna bayan shekara 28, wanda aka tsare ya soma zama kurmi, wanda ake ƙonewa da wuri yana da itatuwa daidai gwargwado, wanda ake ƙonewa a makare kuwa shi ya fi kowanne ƙarancin itace. Wutar Nuwamba lasa take yi ta wuce. Wutar Maris ita ce mai hawa kan kaɗanya da ɗorawa ta babbake furensu, ta kashe 'yan itatuwan da ba su kai gwiwa ba, wani lokaci ta tsallaka cikin gari. Na taɓa tsayawa a kan tokar rumbuna huɗu na gida ɗaya, hatsin shekara guda cur, saboda gafiyar da ba ta cika tukunya ba. Maigidan bai yi kuka ba, amma yadda yake tona tokar da sanda yana neman abin da ya tsira ban manta ba har yau.

Akwai dai wutar da ke da hujja, kada a ce malamin gona ya hana kunna ashana. Karan auduga tilas a tumɓuke a ƙone bayan tsinka domin a kashe tsutsar da ke kwana a ciki, haka kuma shukar da cuta ta kama. Wuta-wuta da aka cire tana da 'ya'ya, gara a ƙone ta da a zuba a ramin taki. Masu bincike a Samaru ta Zariya kuma sun nuna cewa in aka ɗan babbaka karan dawa da zarar an gama girbi, ganyen kawai ya ƙone, yawancin tsutsar kara takan mutu, karan kuwa yana nan a yi danga ko jinka da shi. Waɗannan duk ƙananan wuta ne da mutum yake tsaye a kansu.

Abin da ya sa hayaƙi yake kwanciya

Mu koma kan abin da na gani a kwarin nan. Da rana, ƙasa takan yi zafi ta ɗumama iskar da ke kusa da ita, iska mai ɗumi kuwa ba ta da nauyi, sai ta tashi ta tafi da hayaƙi. A daren hunturu abin yakan juye. Ƙasa takan huce da sauri, iskar da ke kanta ta yi sanyi ta yi nauyi, ta gangara kwari ta zauna, iska mai ɗan ɗumi kuma ta hau kanta kamar murfin tukunya. Duk hayaƙin da aka yi a ƙarƙashin murfin nan ba shi da hanyar fita sai rana ta ɗaga ta fasa shi. Shi ya sa wutar yamma da ta dare ta fi cutar da gari, ko da yake mutane sun fi son ta domin iska ta kwanta.

Irin wannan murfi ne ya rufe birnin Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952. Ana tsananin sanyi, kowane gida yana ƙone kwal, masana'antu ma haka, iska kuwa ta tsaya cik. Hayaƙi ya gauraya da hazon ruwa har mutum ba ya ganin ƙafarsa a titi. Har cikin shanun da aka kawo nunin amfanin gona wasu suka mutu. Lissafin farko ya ce mutum 4,000 ne suka rasu, binciken da aka yi daga baya kuwa ya kai adadin wajen 12,000. Sai a 1956 majalisar Ingila ta kafa dokar tsabtace iska, aka soma hana ƙone kwal mai hayaƙi a cikin unguwanni.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne. Daga ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal suka riƙa tashi da safe suna tarar da baƙin ƙuncin hayaƙi a kan mota da shanya da tafin ƙafar yara, har cikin hanci. An ɗora laifin musamman a kan masu dafa ɗanyen man sata a cikin kurmi, da kuma ƙone man da jami'an tsaro suke kamawa. A yankin Neja Delta kuma tun aka fara haƙo mai ake ƙone iskar gas da ke fitowa tare da shi, harshen wuta dare da rana. Dokar 1979 ta ce a daina daga Janairu 1984, amma ba a daina ba, Nijeriya kuwa ta daɗe cikin jerin ƙasashe goma da suka fi ƙone gas a banza. A garuruwanmu na arewa, wanda ya bi ta bayan mayanka da safe ya san baƙin hayaƙin tsofaffin tayoyi da ake babbaka ganda da kai da ƙafa da su. Ga juji da ake cinna wa wuta cike da leda da roba, ga janareto a ƙofar kowane shago, ga tsofaffin manyan motoci da injin niƙa. Ledar nan ma ta riga ta iso ƙauye, har na ga mata suna hura wuta da ita domin tana saurin kamawa. Ina roƙon iyayenmu mata su bar wannan, gama hayaƙin roba guba ne, jaririn da ke goye kuwa shi ma yana shaƙa.

Haɗarin hayaƙi ba a baƙin da ido ke gani yake ba. Manyan ɓurɓushi gashin hanci da majina sukan tare su, a fyace a zubar. Ƙananan su ne mugaye, waɗanda in ka tsaga kaurin gashin kai ɗaya kashi talatin, to, ka sami girmansu. Su kan wuce har ƙarshen huhu, wasu su ratsa cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 gurɓatacciyar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacinsu, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Abin mamaki, fiye da rabinsu ba tari ne ya kashe su ba, ciwon zuciya ne da shanyewar jiki. Saura kuwa ciwon huhu na yara, da fuka, da ciwon daji na huhu. Ba wanda akan rubuta masa a katin asibiti cewa hayaƙi ne ajalinsa, shi ya sa ba ma jin tsoronsa kamar yadda muke jin tsoron kwalara.

Shuka ma tana shaƙa. In rana mai zafi ta bugi hayaƙin mota da na wutar daji, wata iska mai suna ozon takan haɗu a kusa da ƙasa. Takan shiga ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye ta ƙone su daga ciki, alkama da wake da waken soya kuwa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Can sama

Yanzu sai wanda ya hau ya zauna. Duk abin da aka ƙone, ko itace ko kwal ko fetur, yana fitar da iskar da ake kira kabon dayoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ita ce ma tsire-tsire suke shaƙa su yi abinci da ita. Halinta shi ne takan bar hasken rana ya shigo, amma ta tare wani kashi na zafin da ƙasa take mayarwa sama. Kowane manomi ya san daren da hadari ya rufe sama ya fi zufa, daren hunturu mai taurari kuwa ya fi sanyi. Aikin da gizagizai suke yi a daren nan, irinsa wannan iska take yi kullum. Kaɗan daga cikinta alheri ne. In ta yi yawa, an ƙara bargo a kan bargo ke nan a watan Afrilu.

A shekarar 1958 wani masani Ba'amurke mai suna Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai, nesa da hayaƙin birane. Ya sami kimanin 315 cikin kowace miliyan ɗaya ta iska, kamar a ce ƙwayar dawa 315 cikin ƙwayar gero miliyan. Kafin zamanin injuna 280 ce. A 2024 ta haura 420, kuma ba shekarar da ta ragu tun da aka fara awon. Shekarar 2024 ɗin nan ita ce ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta lissafi. Iska mai zafi takan tsotse laimar gona da sauri, takan kuma ɗauki ruwa da yawa ta juye shi lokaci ɗaya, saboda haka fari da ambaliya suna iya samun gona ɗaya a damina ɗaya.

A nan tilas a faɗi gaskiya. Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na kabon dayoksaid da ke fitowa daga mai da kwal a duniya. Wanda wutar ciyawa take fitarwa kuma, sabuwar ciyawar damina takan sāke shanye yawancinsa. Don haka ba manomin ƙauye ne ya ɗumama duniya ba, kada wani ya zo daga birni ya ɗora masa wannan kaya. Inda namu yake shiga lissafi shi ne itacen da wuta ta kashe bai sāke tsirowa ba, da wanda aka sare aka yi gawayi. A ramin gawayi irin namu sai an ƙone itace kilo biyar zuwa goma kafin a sami gawayi kilo ɗaya, saura duk ya tafi sama, ga motoci kuwa kullum suna lodi zuwa birni.

Akwai wani abu da na karanta wanda ya daɗe yana ba ni mamaki. Dattawanmu suna tuna farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, sa'ad da shanu suka ƙare, mutane suka yi ƙaura. A lokacin an fi ɗora laifi a kan makiyaya da masu saran itace. Tun wajen 2002 kuwa masana da yawa suka gano cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka yana cikin dalilan. Ɓurɓushinsa yana mayar da hasken rana, sai arewacin duniya da tekunsa suka ɗan yi sanyi, damina kuwa wajen ɗumi take bi, saboda haka ta kāsa hawowa arewa yadda ta saba. Ba shi kaɗai ne dalili ba, amma ka duba: bututun hayaƙi a wata nahiya, rumbu wayam a Katsina da Damagaram.

Ba kuma duk labarin ne mai baƙin ciki ba. A 1985 masanan Ingila da ke aiki a ƙanƙarar kudancin duniya suka ba da labarin cewa rufin ozon na can sama, wanda ke tare mugun hasken rana mai ƙone fata da ido, ya yi rami. Iskar da ake sa wa firiji da gwangwanin feshi ce ta ci shi. A 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniya a birnin Montreal ta Kanada aka daina yin ta sannu a hankali, yanzu rufin yana warkewa, ana sa ran yawancinsa zai koma daidai wajen 2040. Haka kuma dalmar da ake zuba wa fetur, mai daƙushe ƙwaƙwalwar yara: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar ta a farkon 2006, Aljeriya kuwa, ta ƙarshe a duniya, ta bari a 2021.

Abin da ƙauyen ya shirya

Tun 2011 akwai dokar tarayya da ta hana ƙone daji da ƙone shara a fili ba tare da izini ba, amma ban taɓa ganin takarda ta kashe wuta ba. Abin da na ga yana aiki shi ne shawarar gari. A yankin Maraɗi ta Nijar, tun daga 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya riƙa nuna wa manoma su daina sarewa da ƙone tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su gyara su bar su su girma. Suna kiran abin sassabin zamani. An ƙiyasta cewa gonakin da suka sāke samun itatuwa ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan biyar, gawo da kalgo da sabara suna karya ƙarfin iska, yashi ya daina binne shuka. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Amma wuta ɗaya ta ƙarshen rani ta isa ta share aikin shekara uku.

Da na koma ƙauyen nan bayan mako biyu, mai gari ya tara mutane a gindin tsamiya, ya aika aka kira ardo da shugaban maharba. An daɗe ana ja. Maharba suka ce in ba wuta ba nama. Ardo ya ce shi ma wutar makara ba ta yi masa daɗi, gama takan cinye harawar da shanu za su ci kafin ruwa, tohon da ke biyo ta kuwa ba ya kai mako biyu. Daga bisani aka tsai da magana huɗu. Kafin girbi a yi gayya a share hanyar wuta mai faɗin taku goma kewaye da rumbuna da lambun mangwaro. In za a ƙone makiyaya, a yi shi cikin Nuwamba, yanki-yanki, da sanin mai gari, da hantsi bayan rana ta ɗaga, a kuma tabbata ta mutu kafin la'asar. Karan gona a tara wa dabbobi ko a zuba a ramin taki. Leda da roba kuwa a binne, kada a ƙone. Maharba ba su amsa da baki ɗaya ba, sun ce sai sun yi shawara da 'yan'uwansu na ƙauyukan hayi, tun da dajin ba na gari ɗaya ba ne. An sa ranar kasuwa ta farko bayan an gama yankan dawa domin a sāke zama, kuma an roƙe ni in zo da malamin daji.

Dattijon nan yana wurin, bai ce uffan ba har aka watse. Da zan hau babur sai ya kira ni gefe ya ce, "Malam, jikata ce take tari tun daren wutar nan, in ta kwanta ƙirjinta yana fito kamar sarewa." Na ce masa kada a jira, a kai ta ɗakin shan magani gobe da sassafe, a kuma gaya wa ma'aikacin cewa numfashinta yana ƙara, domin a duba ko fuka ce ko ciwon huhu. Ya ce ɗansa zai kai ta a keke, amma sai hantsi, in hayaƙin kwari ya tashi.